Ra'ayin 'Yan Kallo da Aikin Edita a Wasan Kwaikwayon Telebijin na Hausa

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce mu dubi wasu mutane iri biyu da ke tsoma baki cikin labarin da ba su suka ƙaga shi ba. Na farko su ne 'yan kallon wasan kwaikwayon telebijin, waɗanda ke bin shiri mako-mako, suna yanke wa taurarinsa hukunci, suna kuma faɗin yadda suke so labari ya kaya. Na biyu shi ne edita, wato gwanin da kamfanin ɗab'i ke ɗauka don ya duba rubutun marubuci ya gyara kafin a kai shi maɗaba'a. Wanda bai zurfafa tunani ba zai ga kamar babu abin da ya haɗa waɗannan biyu. Amma in aka lura za a ga dukansu suna tsaye ne tsakanin marubuci da labarinsa, kuma kowannensu na iya sa marubuci ya sake abin da ya yi niyya.

Abin da ya sa muka ga ya dace a kawo wannan batu gaban taro shi ne halin da rubutun Hausa ya sami kansa a ciki. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 yawancin littattafan ƙagaggun labarai na Hausa suke fitowa ba tare da sun bi ta hannun edita ba. A ɗaya gefen kuma, wasannin telebijin masu dogon zango sun yawaita, muryar ɗan kallo kuwa ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin ra'ayin 'yan kallo zai iya cike gurbin da edita ya bari? Za mu fara da bayanin kalmomi, sa'an nan mu bi tarihin ɗan kallo da ire-iren ra'ayoyinsa, mu bi tarihin edita da matakan aikinsa, daga ƙarshe mu auna su biyun mu ba da shawara.

2.0 BAYANIN KALMOMI

Akwai kalmomi uku da za su yi ta fitowa, don haka ya kamata mu daidaita a kansu tun yanzu.

Tauraro: a nan muna nufin mutumin cikin labari, wanda marubuci ya ƙaga ya ba shi suna da hali. Shi dabam yake da ɗan wasa, wato mutum mai rai da ya hau matsayinsa ya kwaikwayi halinsa.

Zubi: shi ne yadda aka jera abubuwan da suka faru a labari, kowanne yana haifar da na gaba da shi, tun daga ƙulla matsala har zuwa warware ta. Jerin aukuwa kawai bai zama zubi ba sai an ga dalilin da ya ɗaure wannan da wancan.

Tacewa: wannan kalma tana da harshen damo a Hausar yau. Ana amfani da ita ga aikin hukuma, kamar Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda ke duba ko akwai abin da ya saɓa wa doka ko addini ko tarbiyya. Ana kuma amfani da ita ga aikin edita, wanda ke duba ko labari ya tsaru, harshe ya daidaita. Littafi na iya tsallake tacewar hukuma lafiya lau, alhali zubinsa a wargaje yake. A wannan takarda duk inda muka ce tacewa, ta edita muke nufi.

3.0 MATSAYIN ƊAN KALLO

Bahaushe bai saba da kallo ko sauraro baki a rufe ba. Mai tatsuniya ba ya farawa sai ya ce ga ta nan ga ta nanku, an amsa masa, kuma in ya tsallake wani wuri yara da kansu za su tuna masa. Haka yake a wasan tashe da wasan gauta da kalankuwa: dariyar jama'a ko shirunsu shi ke gaya wa mai wasa ya ƙara ko ya rage. Ke nan tun asali labari abu ne da ake ginawa gaban jama'a, da sa hannunsu.

Da rediyo da telebijin suka zo sai aka shiga tsakanin mai wasa da mai kallo. An buɗe gidan telebijin na Kaduna a 1962, aka haɗe gidajen telebijin na ƙasa ƙarƙashin hukumar NTA a 1977, sa'an nan Jihar Kano ta kafa nata, wato CTV, a zamanin mulkin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. A waɗannan gidaje ne aka san irin su Usman Baba Pategi da shirinsa na Samanja, da Ƙasimu Yero, da Umaru Ɗanjuma Katsina, da Abdullahi Shu'aibu na shirin Karkuzu a Jos. Wani abin lura game da wasannin wancan lokaci shi ne da yawansu ba a rubuta su kalma da kalma. Akan tsara ƙashin bayan labari ne, a raba wa kowa matsayinsa, 'yan wasa su cike sauran da bakinsu. Ra'ayin jama'a kuwa yakan iso ta wasiƙa, ko a kasuwa da tasha inda ake tare ɗan wasa a faɗa masa. Saƙo ne mai tafiyar hawainiya, kafin ya iso an riga an yi gaba.

Yau abin ya sake. An buɗe tashar Arewa24 a 2014, ba da jimawa ba ta fara nuna Daɗin Kowa, ta biyo da Kwana Casa'in a 2019. A 2020 aka fara Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad. Irin waɗannan shirye-shirye ana sa su a YouTube, kuma kafin a wayi gari masu shiri sun ga yawan waɗanda suka kalla, sun karanta abin da suka ce. Tun da yake akan ɗauki shirin ne zango-zango, ana nuna wani ana rubuta wani, to, ra'ayin da aka faɗa kan fitowar wannan mako yana iya shiga cikin rubutun zango mai zuwa. Wato ɗan kallo ya koma kusa da matsayinsa na dandali, sai dai yanzu dandalin ya haɗa na Kano da na Maraɗi da na Kumasi da na Jidda a lokaci guda.

4.0 IRE-IREN RA'AYOYIN 'YAN KALLO

In muka tattara abin da 'yan kallo suka fi magana a kai za mu iya kasa shi gida biyar.

4.1 Ɗaukar tauraro tamkar mai rai

Wannan shi ne tushen sauran. Ɗan kallo yakan so tauraro ko ya ƙi shi kamar yadda zai so maƙwabcinsa ko ya ƙi shi. Shaidar haka ita ce yadda sunan wasa ke binne sunan yanka. Har Usman Baba Pategi ya rasu a 2023 jama'a Samanja suke ce masa, Umaru Ɗanjuma kuwa Kasagi. 'Yan wasan Daɗin Kowa ma an fi sanin su da Kamaye da Adama da Malam Nata'ala. Wanda ya fito a mugu yakan sha harara a hanya, wanda ya fito a mutumin kirki a yi ta sa masa albarka. Saboda wannan shaƙuwa ne canza ɗan wasa ke zama babban al'amari. Lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina a 2022, Fati Washa ta hau matsayin Sumayya, an daɗe ana muhawara, domin a wurin masu kallo da yawa fuskar da hali abu ɗaya ne.

4.2 Neman a yi sakayya

Ɗan kallo Bahaushe yana so ya ga alhaki ya kama mai shi. In azzalumi ya daɗe yana cin karensa ba babbaka sai a fara ƙorafi cewa shirin yana koya wa mutane mugunta. Wannan ra'ayi yana da tushe a adabinmu, gama tatsuniya da labaran wa'azi duk a kan sakamako suke ƙarewa. Matsalarsa ɗaya ce, gaggawa. Da za a hukunta mugu a ranar da ya yi laifi, da labari ya ƙare a fitowa ta uku.

4.3 Haɗa aure

'Yan kallo sukan rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace da wanda take so tauraruwa ta aura. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi kowanne ƙara, kuma shi ya fi saurin ruɗin masu shiri, don yana jawo kallo. Sai a ga ana ta jan zaren soyayya, an bar jigon da aka faro da shi.

4.4 Kare al'ada da harshe

A nan 'yan kallo sukan yi gyara mai ma'ana ƙwarai. Su ne za su ce ba haka ake gaida suruki ba, ko ba haka mai takaba ke shiga ba, ko kuwa tsohuwar ƙauye ba ta furta irin wannan kalma. Likita zai lura da kuskuren da aka yi a ɗakin haƙuri, lauya ya lura da na kotu. Marubuci ɗaya ba zai san dukan sana'o'i ba, amma a cikin dubban masu kallo babu sana'ar da ba ta da wakili.

4.5 Ƙorafi kan jan labari da mantuwa

Shiri in ya yi tsawo sai a fara jin ana cewa an cika ja, ko an manta da wane, ko abin da aka faɗa bara ya saɓa da na bana. Wannan ra'ayi ya fi kowanne kusa da aikin edita, kamar yadda za mu gani.

5.0 AIKIN EDITA

5.1 Taƙaitaccen tarihi

Rubutun zube na Hausar boko da edita ya fara. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East a Zariya. Gasar da ya shirya a wannan shekara ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda East ɗin ya haɗa hannu da John Tafida suka rubuta. A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina ya zauna Zariya wajen wata shida, East ya tara masa littattafan labaru na Gabas da na Turai, suna aiki kafaɗa da kafaɗa, har aka sami Magana Jari Ce littafi uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. Ana iya yin muhawara kan manufar East a matsayinsa na ma'aikacin mulkin mallaka, da irin labarin da ya fi so a rubuta. Abin da ba a musu a kai shi ne littattafan nan sun bi ta hannu na biyu kafin su fito, kuma har yau ana karanta su a makarantu.

Wannan al'ada ta ɗore a Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC daga 1966. Ta wannan hanya ce wasu wasannin da aka fara ji a iska suka zama littafi, kamar Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi a 1959, da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan a 1980. Mayar da wasan da aka yi da baki zuwa takarda kuwa aikin tacewa ne tsantsa, domin dole a rage maimaici, a rarraba fitowa-fitowa, a daidaita rubutu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka ja baya suka koma kan littattafan makaranta. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu, abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Wannan yunƙuri ya yi babban amfani, domin ya fito da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ya kuma koya wa dubban mata karatun Hausa. Amma a cikinsa ne kujerar edita ta zama wofi. Marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Littafi kuma yakan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, masu karatu suna aiko da wasiƙu a tsakani. Daga wannan makaranta ce marubutan fim da telebijin da yawa suka fito. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, alal misali, marubutan littafi ne kafin su yi wa Arewa24 rubutu, Ado Gidan Dabino kuwa har fitowa ya yi a Kwana Casa'in a matsayin Malam Adamu. Ke nan littafi da telebijin a ƙasar Hausa rijiya ɗaya suke sha, abin da ya sami ɗaya zai sami ɗayan.

5.2 Matakan tacewa

Aikin edita hawa huɗu ne, kuma ba a tsallake na farko a faɗa na ƙarshe.

(a) Tacewar gini. Edita zai karanta rubutu dukansa, ya tambayi kansa: mene ne jigo? Wace matsala aka ƙulla, ina aka warware ta? Akwai babin da in aka cire shi ba abin da zai ragu? Shin abin da tauraro ya aikata a ƙarshe ya dace da halin da aka gina masa tun farko? A wannan mataki ana iya ce wa marubuci ya sake rubuta rabin littafi.

(b) Tacewar salo. A nan ake bin jimla ɗaya bayan ɗaya, a rage surutu, a cire karin maganar da aka cusa ba a muhallinta ba, a tabbata maganar sarki ba ta yi kama da ta dogari ba. Edita nagari yana kiyaye muryar marubuci, ba ya mayar da ita tasa.

(c) Tacewar ƙa'ida. Wannan ya shafi ƙa'idojin rubutu da aka yi ta zama a kansu tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, har zuwa na Yamai na 1980. Edita zai tabbata an rubuta "yana" da "suka" da "gidansa" a haɗe, an rubuta "shi ne" a rabe. Zai kuma tsare haruffa masu ƙugiya, gama rashin ƙugiya na mayar da ƙafa kafa, baƙi baki, ɓata bata. A wannan mataki ne kuma yake buɗe takardar lissafi, inda zai rubuta sunan kowane tauraro, da shekarunsa, da danginsa, da lokacin da kowane abu ya faru, don kada wanda aka ce maraya ne a babi na uku a gan shi yana gaida mahaifinsa a babi na ashirin.

(d) Duban ƙarshe. Bayan an jera shafuka sai a sake karantawa don kamo kuren bugu.

Yawancin abin da ake kira gyara a wurinmu yau mataki na huɗu ne kawai, ko rabin na uku. Na farko, wanda shi ne uwa, ba safai ake yin sa ba.

6.0 AUNA RA'AYIN ƊAN KALLO DA NA EDITA

Bambanci na farko shi ne na lokaci. Edita yana magana ne tun tuwo na tukunya, ɗan kallo kuwa sai an kwashe an kai masa. Abin da aka riga aka nuna ba ya gyaruwa, sai dai a yi masa faci a gaba.

Na biyu shi ne na gani. Edita ya san ƙarshen labari, don haka yana auna kowace fitowa da inda aka dosa. Ɗan kallo abin da aka nuna masa zuwa yau kaɗai ya sani. Wahalar da yake kuka da ita a kan tauraruwarsa wataƙila ita ce harsashin daɗin da zai ji a ƙarshe.

Na uku shi ne na hujja da alhaki. Ɗan kallo ya isa ya ce bai ji daɗi ba, ya tashi. Edita dole ya faɗi dalili, ya nuna shafi, ya kawo mafita, kuma in littafi ya lalace da sunan kamfaninsa a jiki. Bugu da ƙari, 'yan kallo ba baki ɗaya suke magana ba, kuma waɗanda suka fi ɗaga murya ba lalle su ne suka fi yawa ba.

Akwai misalai daga wasu ƙasashe da za su haska mana wannan. A Ingila, Arthur Conan Doyle ya kashe tauraronsa Sherlock Holmes a 1893 don ya gaji da shi. Masu karatu suka yi ta matsa masa, masu buga mujallu suka yi masa tayin kuɗi, har a 1903 ya dawo da shi da rai, ya ce ashe bai faɗa ramin ruwan da aka zaci ya hallaka a ciki ba. Wannan faci ya zauna, domin tun farko ba wanda ya ga gawa. A Amurka kuwa, masu shirin Dallas sun kashe Bobby Ewing a 1985 gaban idon kowa, bayan ɗan wasan ya bar shirin. Da kallo ya ragu sai suka dawo da shi a 1986, suka ce duk abin da aka nuna shekara guda mafarki ne tsohuwar matarsa ta yi. An sami tauraron, amma an rushe labarin shekara guda, abin ya zama abin ba'a har yau. Bukatar jama'a iri ɗaya ce a wuraren biyu. Abin da ya raba su shi ne ko ginin labarin zai iya ɗaukar abin da aka nema, wannan kuwa tambaya ce ta edita.

Misali na uku ya haɗa ɓangarorin biyu wuri guda. A 1957 Harper Lee ta kai rubutunta wani kamfanin ɗab'i a Amurka. Editar da ta karɓa, Tay Hohoff, ta ga cewa ƙarfin rubutun yana wuraren da tauraruwar ke tuna yarintarta, sai ta sa marubuciyar ta sake gina labarin a kan wannan. Sun shafe fiye da shekara biyu suna kai da komowa, littafin ya fito a 1960 da sunan To Kill a Mockingbird. Masu karatu suka ɗauki lauyan cikinsa, Atticus Finch, a matsayin madubin adalci. A 2015 aka buga ainihin rubutun farko da sunan Go Set a Watchman, sai ga Atticus ɗin nan yana goyon bayan wariyar launin fata. Mutane da yawa suka ji kamar an ci amanarsu. Darasin da ke nan shi ne tauraron da suka so shekara 55, har suke jin nasu ne, a teburin tacewa aka ƙera shi, tsakanin marubuciya da edita, tun kafin wani mai karatu ya san da shi.

Duk da haka ba mu ce a toshe kunne daga 'yan kallo ba. Matsayinsu kamar na majinyaci ne a gaban likita. In ya ce nan ke masa ciwo, gaskiyarsa ce, ba mai musa masa. In ya ce ga maganin da za a ba shi, to, a nan sai a yi hattara. In jama'a suka ce shiri ya gundure su, lalle akwai abin da ya faru, amma mai yiwuwa ba auren da suke nema a ɗaura ne maganin ba. Wataƙila an yi fitowa biyar ne ba a ƙulla sabuwar matsala ba. Ra'ayoyi na 4.4 da 4.5 a karɓe su hannu biyu. Na 4.2 da 4.3 kuwa a saurare su, a auna su da zubin da aka tsara.

7.0 SHAWARWARI

(a) Kowane shiri mai dogon zango ya ɗauki editan labari, wanda ba ya cikin marubutan shirin, a kuma rubuta sunansa cikin ma'aikata. Shi zai riƙe kundin taurari da tarihinsu, ya karanta zango dukansa kafin a ɗora kyamara.

(b) A rubuta ƙarshen labari tun kafin a nuna farkonsa. Wanda ya san masauƙinsa zai iya ratsewa ya biya bukatar 'yan kallo ya dawo hanya.

(c) Sassan koyar da harsunan Nijeriya a jami'o'inmu, irin na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da takwarorinsu na Nijar, su mayar da tacewa darasi mai zaman kansa, wanda ɗalibi zai riƙe rubutu na gaske ya bi shi hawa huɗun nan. Muna yaye masu tarken littafi bayan ya fito, ya kamata mu yaye masu gyara shi kafin ya fito.

(d) Ƙungiyoyin marubuta su tsayar da ladan edita, su kuma rarrabe wa mambobinsu tsakanin tacewar gini da duban kuren bugu, don marubuci ya san abin da ya biya.

(e) Masu shirya gasa, kamar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, su haɗa waɗanda suka yi nasara da editoci, yadda gasar 1933 ta yi.

(f) Manazarta su tattara ra'ayoyin 'yan kallo su adana, domin taska ce ta sanin abin da Hausawan wannan zamani ke ɗauka adalci ko kunya ko mutunci.

8.0 KAMMALAWA

A wannan takarda mun ga cewa sa bakin mai kallo cikin labari tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kayan zamani sun dawo da ita ne da ƙarfi. Mun kasa ra'ayoyin 'yan kallo gida biyar, mun bi tarihin edita daga Hukumar Talifi zuwa lokacin da kujerarsa ta zama wofi, mun kuma bayyana matakai huɗu na aikinsa. Amsar tambayar da muka faro da ita ita ce ra'ayin 'yan kallo ba zai cike gurbin edita ba, saboda yana zuwa bayan aiki ya fita, daga wanda bai ga ƙarshen labari ba. Amfaninsa yana fitowa ne in akwai edita da zai karɓe shi ya tace. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman malamai masu tsara manhaja, za su ɗauki shawara ta uku su tattauna a kanta, gama ita ce ke hannunmu.